Tarihin fstab, fayil ɗin da kwamfuta ke dubawa idan an kunna ta

Tun bugun farko na Unix a 1971, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka haɗa a Bell Labs da ke Amurka, ƙa'idar ita ce duk fayiloli suna ƙarƙashin tushe guda, kuma faifai ba ya shiga tsarin sai an maƙala shi da umarnin mount. Faya-fayan na'urarsu ta PDP-11 ƙanana ne, shi ya sa da na farko ya cika suka kwashe wasu shirye-shirye zuwa na biyu, ƙarƙashin /usr. Ke nan duk sanda aka kunna na'ura sai an sake maƙala wannan faifan. A cikin fayil ɗin /etc/rc aka riƙa rubuta umarnin, sai a 1980 tsarin 4.0BSD na Jami'ar Kalifoniya ya zo da fstab, inda kowane ɓangaren faifai ke da layinsa: sunansa, inda za a maƙala shi, irin tsarinsa da sharuɗɗansa. Linux ya gaji wannan al'ada, kuma abin da ya raya ta, a ganina, shi ne rubutu ne zalla da mai na'ura zai karanta ya gyara da hannunsa.

Masu suka na cewa kuskuren harafi ɗaya a fstab yana hana kwamfuta tashi, alhali tana iya gane faifai da kanta kamar yadda take gane filasha. Suna da hujja, domin sunaye irin /dev/sda sukan sauya idan an ƙara faifai, kuma hakan ya wahalar da mutane sosai. Sai dai a cikin fayil ɗin aka yi maganin matsalar, aka koma kiran ɓangare da lambarsa ta dindindin, wato UUID, aka kuma samar da sharaɗin nofail don kada rashin faifai ya tsayar da komai. Na'ura tana iya ganin faifai, amma ba ta san wanne mai ita ke so ya ɗauki bayanan aiki ba, sai an faɗa mata. Ko systemd, da ya zo a 2010 ya sauya yadda Linux ke tashi, bai yar da fstab ba: har yau sai ya karanta shi duk lokacin da aka kunna na'ura.