Shekarar da Kalkaska ta rufe makarantunta

Ranar 24 ga Maris, 1993, tun sanyin arewacin jihar Mishigan bai gama sakin jikin mutane ba, aka garƙame ƙofofin makarantun gwamnati na Kalkaska. Yara kimanin 2,300 suka koma gida alhali da sauran makonni goma kafin shekarar karatu ta ƙare. Kuɗi ne suka ƙare wa hukumar makarantun. Sau uku tana zuwa gaban jama'a tana roƙon su amince a ƙara harajin gidaje da filaye, sau uku suna jefa mata ƙuri'ar a'a.

Wanda bai san Amurka ba zai yi mamakin yadda za a ce makaranta ta dogara da ƙuri'ar maƙwabta. Abin ya samo asali ne tun kafin a kafa ƙasar. A 1647 mahukuntan Masachusets suka wajabta wa duk garin da ya kai gida 50 ya ɗauki malami, wanda ya kai gida 100 kuma ya buɗe makaranta ta gaba. A 1785 aka yi dokar da ta keɓe fili na 16 a kowane yankin da aka auna a sabbin ƙasashen yamma domin makaranta. Tun daga nan ilimin yaro ya ɗauru da ƙasar da gidansu ke kai.

A Mishigan ɗin ma aka taɓa fafatawa a kan wannan. Garin Kalamazu ya buɗe sakandare da kuɗin haraji a 1858, bayan shekaru sai wasu masu dukiya, cikinsu har da tsohon sanata Charles Stuart, suka garzaya kotu. Hujjarsu ita ce haraji na firamare ne kawai, mai son ɗansa ya wuce nan ya sa hannu a aljihunsa. A 1874 kotun ƙolin jihar, ta bakin alƙali Thomas Cooley, ta yi watsi da ƙarar. Hukuncin ya ƙarfafa wa garuruwa da yawa gwiwar gina sakandare kyauta, kuma a ganina yana cikin hukunce-hukuncen da talakan Amurka ya fi mora.

Amma tsarin yana da ɓaraka a gindinsa. Ana lissafa harajin ne da ma'aunin da suke kira mil, wato dala ɗaya a kan kowace dala 1,000 ta ƙimar da aka yi wa kadara. A misali, gidan da aka ƙiyasta dala 40,000, idan jama'a sun amince da mil 30, mai shi zai biya dala 1,200 a shekara, ko yana da aiki ko an sallame shi, ko da ɗa a makaranta ko 'ya'yansa sun girma sun watse. Gundumar da ke da masana'antu da manyan gidaje, ɗan ƙaramin mil ya ishe ta ta cika asusu. Ta karkara kuwa sai ta matse mutanenta ninki biyu, duk da haka ba ta kamo ƙafar waccan ba. Iyayen unguwar Edgewood a San Antoniyo ta jihar Teksas sun kai irin wannan kuka har kotun ƙolin ƙasa, amma a 1973 alƙalai biyar suka rinjayi huɗu, aka ce tsarin bai saɓa wa kundin mulkin tarayya ba.

Shi ya sa ba na ganin adalci ne a kira mutanen Kalkaska maƙiya ilimi. Yanki ne na daji da ƙaramin ƙarfi, kuma ƙuri'ar harajin makaranta kusan ita ce kaɗai wurin da ake tambayar mai gida ra'ayinsa kafin a karɓi kuɗinsa. Duk haushin da ya tara a kan sauran haraji, nan yake sauke shi, a kan yaran da ba su ci ba, ba su sha ba. Hukumar makarantun ita ma ta ƙi bin hanyar da aka saba, ta rage malamai da motocin ɗaukar yara a lallaɓa a kai ƙarshen shekara. Ta gwammace ta koyar yadda ya kamata har kuɗin su ƙare, sannan ta rufe, kowa ya gani da idonsa.

An kuwa gani. Labarin ya karaɗe Amurka, kunya ta kama 'yan majalisar jiha a Lansin. A watan Yuli na shekarar, ana muhawara kan rage harajin kadara, Sanata Debbie Stabenow ta jam'iyyar Dimokurat ta kawo gyaran da ya ce a soke harajin kadara na gudanar da makarantu ɗungurungum. 'Yan Rifablikan suka cafke, Gwamna John Engler ya sa hannu, aka wayi gari an share fiye da dala biliyan 6 na makarantu ba tare da an tanadi madadinsu ba. Kasada ce babba, amma ita ta tilasta wa ɓangarorin biyu zama a teburi ɗaya.

Ranar 15 ga Maris, 1994, jama'ar jihar suka amince da ƙudurin da aka yi wa laƙabi da harafin A, da rinjayen sama da kashi biyu cikin uku. Harajin saye da sayarwa ya tashi daga kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari, na fakitin sigari daga santi 25 zuwa 75. Jiha ta aza nata harajin kadara na mil 6, ta riƙa raba kuɗi bisa kan kowane ɗalibi, gundumomin da ke ƙasa suka fara matsowa sama.

Sai dai gyaran ya tsaya ne a kuɗin gudanarwa, wato albashi, littattafai da man mota. Gina ajujuwa da gyaran rufin da ke yoyo an bar wa gundumomi. Har yau, idan injin ɗumama azuzuwa ya mutu a wata makarantar karkara a Mishigan, hukumarta kan koma gaban masu gidajen yankin ta nemi izinin cin bashin da za a biya da harajin kadarorinsu, sannan ta zauna jiran daren ƙirga ƙuri'a.