Asalin Jami'a a Ƙasar Katsina

A yau idan yaron Batsari ko na Safana ya gama sakandare, ya ci jarrabawar JAMB, ba sai ya yi nisa da gida ba kafin ya sami jami'a. Ga ta Tarayya a Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, ga ta Umaru Musa 'Yar'aduwa da ta Al-Ƙalam a birnin Katsina. Yaran yanzu sun tashi sun tarar da su, har wasu na zaton haka abin yake tun fil azal, alhali kuwa a cikin ukun nan babu wadda aka kafa kafin shekarar 2005. To, ga yadda abin ya faro.

Tun Turawa ba su san hanyar ƙasar Hausa ba, Katsina garin malamai ce. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana ba da shaida. Shehu Magili ya sauka a birnin wajen ƙarshen ƙarni na 15, Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina sun yi zamaninsu a ƙarni na 17, sannan ga Malam Muhammadu al-Kashinawi, gwanin ilimin lissafi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741. A wancan tsari, yaro yana farawa da allo har ya sauke Alƙur'ani. In yana son ƙari sai ya koma zaure, ya durƙusa gaban malami da littafinsa. Ya karanta Ahalari da Ishmawi, ya wuce Iziyya da Risala, har ya kai Askari da Muhtasar. Malam na jan baƙi yana fassarawa, almajiri na bi da yatsa. Babu aji, babu ƙararrawa, babu ranar gamawa. Ran da malam ya gamsu, ya ba shi izinin karantarwa. In ya ji labarin wani gwanin nahawu a Zariya ko Sakkwato, ya naɗe buzunsa ya tafi. Har gobe wannan karatu yana nan a zaurukan Batsari da Ruma da Runka.

Jami'ar da muke magana a kanta kuwa, mai tsangayoyi da sassa da digiri, wata hanya ta biyo. Musulmi sun daɗe da kafa manyan wuraren karatu, irin su Ƙarawiyyin ta Fas a Maroko da Azhar ta Masar. Amma tsarin da ya iso mana ta hannun Ingilishi a Turai ya tsiro, a biranen Bolonya ta Italiya da Paris ta Faransa da Oksfod ta Ingila, inda malamai da ɗalibai suka haɗu suka zama ƙungiya mai dokokinta da shaidar kammalawa. Ƙarni da yawa aikinsu bai wuce karantar da abin da aka gada ba. Sai a 1810 aka buɗe Jami'ar Berlin a Jamus bisa shawarar wani masani, Wilhelm von Humboldt, da niyyar cewa malamin jami'a ya riƙa bincike yana gano abin da ba a sani ba, ya kuma koya wa ɗalibansa yadda ake binciken. Amurkawa suka ɗauki wannan, suka buɗe Jami'ar Johns Hopkins a 1876, wadda ta fi ba da ƙarfi ga masu karatun gaba da digirin farko. Ta haka matakan nan uku da muka sani suka zauna daram: digirin farko, digiri na biyu, da na uku wanda ake ce wa digirin digirgir.

A Arewa, boko ya fara kafuwa da makarantar Baturen nan Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano a 1909. Amma tushen karatu mai zurfi a Katsina aka dasa shi, a zamanin Sarki Muhammadu Dikko. A watan Maris na 1922 Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina don horar da malaman makaranta. Da ƙasa aka gina ta, ginin gargajiya, aka riƙa zaɓo yara masu ƙwazo daga lardunan Arewa ana kawo su. A nan Ahmadu Bello ya yi karatu daga 1926 zuwa 1931. A nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi, da Kashim Ibrahim, da Aliyu Makaman Bida, da Abubakar Imam, da Isa Kaita. A 1938 aka ɗauke kwalejin zuwa Kaduna, a 1949 aka mai da ita Zariya, ita ce Kwalejin Barewa ta yau. Tsohon ginin na Katsina yanzu gidan adana kayan tarihi ne.

Kwalejin Katsina ba ta ba da digiri. Da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, ƙarƙashin Jami'ar Landan, 'yan Arewa da suka shiga ba su taka kara sun karya ba. Ga mulkin kai yana ƙaratowa, ga Arewa ba ta da isassun likitoci da injiniyoyi da lauyoyi da za su karɓi aiki daga hannun Turawa. Wannan ya dami shugabanninta ƙwarai. A 1959 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamiti ƙarƙashin Eric Ashby, da Shettima Kashim Ibrahim cikin mambobinsa, don ya duba bukatun ilimi mai zurfi. Rahotonsa na 1960 ya goyi bayan a yi wa Arewa jami'arta. A lokacin Sardauna Ahmadu Bello ne Firimiyan Arewa, Ministan Iliminta kuwa Alhaji Isa Kaita ne, dukansu tsofaffin ɗaliban Kwalejin Katsina.

Ba su tsaya jiran sabon gini ba, sai suka tattara abin da ke hannu. Akwai Kwalejin Fasaha da Kimiyya a Samaru, da Cibiyar Koyon Aikin Mulki a Kongo, da tashar binciken aikin gona ta Samaru wadda ke nan tun shekarun 1920, da gonar dabbobi ta Shika, da kuma kwalejin Larabci da ilimin addinin Musulunci a Kano. Aka haɗa su ƙarƙashin inuwa ɗaya. Ranar 4 ga Oktoba, 1962, Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe da tsangayoyi huɗu, sassa 15, da ɗalibai 426. Sardauna ne ubanta na farko, shugabanta kuwa Dokta Norman Alexander, mutumin Niyuzilan. A 1966 Dokta Ishaya Audu ya gaje shi, shi ne ɗan ƙasa na farko a kan wannan kujera, ya riƙe ta har 1975.

A zamaninsa jami'ar ta bunƙasa. Tsangayar likitancin dabbobi ta riga ta kafu da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka, a 1967 aka fara koyar da likitancin mutane. Da aka ga makarantun sakandaren Arewa ba sa fitar da isassun ɗalibai, sai aka buɗe makarantar share fagen shiga jami'a. Ta wannan ƙofa 'ya'yan talakawa da yawa daga karkara suka shiga. Ɗan Batsari na wancan lokaci, in ya dace, sai ya ɗaure akwatinsa na ƙarfe, ya bi mota ta Dutsin-Ma da Ƙanƙara da Funtuwa, iyayensa ba su sake ganinsa sai hutu.

Amfanin bincike kuwa bai daɗe ba ya bayyana. Irin masara da dawa da gyaɗa da wake masu suna SAMMAZ da SAMSORG da SAMNUT da SAMPEA, waɗanda manoma ke nema saboda saurin nuna da yawan yabanya, daga Samaru suka fito. Kajin ShikaBrown daga Shika. A fannin tarihi, Farfesa Abdullahi Smith ya horar da matasa su rubuta tarihin ƙasarsu daga bakin mutanenta da rubuce-rubucen malamanta. Cikinsu akwai Yusufu Bala Usman, haifaffen Musawa, wanda ya bi garuruwa yana zama da dattawa, yana duba tsofaffin takardun Larabci, har ya sami digirin digirgir a 1974 da bincike a kan tarihin ƙasar Katsina. Umaru Musa 'Yar'aduwa ma a nan ya yi digirinsa na farko, ya koma ya yi na biyu a ilimin sinadarai.

Jami'ar Zariya ta zama kamar uwar rogo, a sari reshe a dasa a wata gona ya kama. Kwalejin Larabcin nan ta Kano, wato ta Abdullahi Bayero, ta tsaya da ƙafarta a 1977 ta zama Jami'ar Bayero. A 1975 aka kafa ta Sakkwato, wadda daga baya aka sa wa sunan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ɗaliban Zariya ne suka cika yawancin sassansu da malamai. A waɗannan jami'o'i harshen Hausa kansa ya zama fannin da ake yin digiri uku a cikinsa, da ƙoƙarin malamai irin su Farfesa M.K.M. Galadanci da Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya.

Duk wannan ana yi, ƙasar Katsina ba ta da jami'a ko ɗaya. An ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aka shekara goma sha takwas ana kai 'ya'ya Zariya da Kano da Sakkwato. Sai a 2005 Gidauniyar Musulunci ta Katsina ta buɗe jami'a mai zaman kanta, wadda yanzu ake kira Al-Ƙalam. A 2006 Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa ta jiha, ta fara da tsangayoyi uku, daga baya aka sa mata sunansa. A 2011 gwamnatin Shugaba Goodluck Jonathan ta kafa sababbin jami'o'in tarayya tara, ɗaya ta faɗo Dutsin-Ma, Farfesa James Ayatse ya zama shugabanta na farko. Ita ma da tsangayoyi uku ta fara, cikinsu har da ta aikin gona. Tsakanin tashin Kwalejin Katsina da buɗe jami'ar farko a birnin, shekara 67 ke nan.

Yanzu duka ukun suna karɓar masu neman digiri na biyu, kuma a nan ne ake gane jami'a ta kai. Ɗalibi yakan zaɓi matsala guda, a ba shi malami mai duba aikinsa. Ya tsaya gaban malaman sashe ya faɗi abin da yake son ganowa da hanyar da zai bi, su yi masa tambayoyi har gumi ya keto masa. In sun amince sai ya fita fili. Mai binciken rogo, misali, zai auna gona, ya dasa iri daban-daban a kunyoyi, ya riƙa zuwa yana ƙirga ganye yana duba cuta, ran tono ya ɗora a sikeli ya rubuta. Ya kai babi wurin malaminsa, a dawo masa da shi ja wur da biro, ya sake. A ƙarshe a gayyato farfesa daga wata jami'a ya zo ya jarraba shi baki da baki a kan kundinsa. Sai ya kare aikinsa sannan a sa hannu.

Abin da ya rage shi ne wannan bincike ya waiwayi gida. Batsari ta yi suna da rogo, amma manominta yana bukatar iri mai jure cuta da hanyar sarrafa amfanin kafin ya lalace. Ga dajin Rugu da rikicin da ya raba dubban mutane da gonakinsu, yana jiran masanan da suka san Fulatanci da Hausa, suka san burtali da makiyaya, su bi diddigin yadda abin ya lalace. Ga madatsar ruwa ta Zobe a gefen Dutsin-Ma, da abin da za a iya yi da ita na noman rani da kiwon kifi. Ga tarihin Ruma da na jaruminta Ɗanwaire, dattawan da suka ji shi daga bakin kakanni suna ta ƙarewa. Baƙo daga nesa ba zai yi wannan aiki kamar ɗan gida ba.

Sai dai ba a shiga jami'a ta sama. Yaron da rashin tsaro ya rufe makarantar firamaren ƙauyensu, ko yarinyar da aka cire daga aji kafin ta gama sakandare, kusancin Dutsin-Ma bai amfane su da komai ba. Saboda haka iyaye su daure su bar yara a makaranta, maza da mata, ba tare da sun saki allo ba. Hukuma ta tsare ƙauyuka da makarantunsu. Masu hali na Batsari da Safana su ɗauki nauyin ɗaliban da suka ci jarrabawa amma kuɗin rajista ya gagare su. Ku kuma da Allah ya ba digirin farko, kada ku tsaya nan. Ku koma ku yi na biyu da na uku, ku zaɓi matsalolin ƙasarku ku yi bincike a kansu. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.