Manyan Sabo da Yaran Sabo

Duk wanda ya yi sallar Juma'a a Sabo ya ga abin da za mu faɗa. Dattawan sahun gaba kowa da garin da shi ko mahaifinsa ya baro: ga Bakano, ga Basakkwace, ga Babarbare, ga Bazabarme. Yaran da ke sahun baya kuwa garinsu ɗaya ne, Ibadan, wato Badun a bakin iyayenmu.

Asalin abin fatauci ne. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, bayan kamar shekara goma ya kai Kano. Shanu suka riƙa gangarowa, goro yana haurawa. A 1916 aka keɓe mana Sabo. Masu zuwa a wancan zamani galibi maza ne. Mutum ya sauka gidan fatoma, ya sayar, ya juya, iyalinsa na Arewa. Mutanen gari ba su tsaya tantancewa ba, Bafulatani da Buzu duk Gambari ne a wurinsu, mu ma muka haɗu a kan Hausa da masallaci. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna cikinmu wajen 1962 zuwa 1963, littafinsa a kan Sabo ya fito a 1969.

Yanzu fa? Ku shiga Islamiyya da yamma. Yaro ya biya allo da Hausa, ya fita waje ya yi faɗa da Yarabanci tsantsa. Wani uwarsa Bayarabiya ce, wani Banufiya, wani kakansa ma nan aka yanke masa cibiya. Wallahi wasunsu ba su taɓa tsallake Jebba ba.

Amma ba mai iya cewa yaran nan nawa ne. Ƙidayar 1963 ta tambayi ƙabila, ta 1991 da ta 2006 ba su tambaya ba, don gudun rigima. To da sauƙi da abin ya tsaya a takarda. Sai yaro ya gama sakandare, a ce ya kawo shaidar ƙaramar hukumarsa ta asali. Nan a ce masa baƙo ne. Uban ya ɗauke shi su yi Arewa, can kuma a tambaye shi gidan wa ya fito, ya buɗe baki a ji harshensa ya karye. Mun raka irin waɗannan yara tasha ba sau ɗaya ba, wasu kuma ba a samu kuɗin motar ba, karatun ya tsaya nan.