Kaka, kufai da mutum-mutumin Bura: abin da ƙasa ta ɓoye mana

Ga kaka ta shigo. An yanke hatsi, damma sun hau rumbu, kara ya bushe ya yi ja, iskar hunturu ta fara kaɗawa da safe. A wanga lokaci ne gona ke zama fili fetal, mutum ya ga abin da ruwan damana ya tone: katangar tukunya, kashin maƙera, tsohon dutsen niƙa. Mukan taka su mu wuce. To yau mu ɗan tsaya, don wani ƙauye a ƙasarmu ya nuna mana darajar irin waɗannan tarkace.

Sunan ƙauyen Bura, a yankin Tera cikin jihar Tilaberi, yamma da kogin Kwara. A shekarar 1975 aka ci karo da kawunan mutum-mutumi na gasasshen yumɓu a wajen da ake kira Asinda-Sikka. A 1983 masanin tarihi Bube Gado, na cibiyar bincike ta IRSH ta jami'ar Yamai, ya jagoranci haƙa wurin. Sai ga tsohuwar maƙabarta. A ɗan fili kaɗan aka ƙirga tuluna 630, an kifa su baki ƙasa, wasu dogaye, wasu masu kumburin ciki. A kan wasu an ɗora kan mutum da kitso da tsage a fuska, wasu kuma mahayi ne bisa dokinsa. Ƙarƙashinsu ga ƙasusuwan mamata, da kiban ƙarfe, da duwatsun wuya. Bincike ya nuna mutanen sun rayu tsakanin ƙarni na 3 da na 13 na Miladiyya.

Ku duba fa. Tun zamanin nan akwai maƙera a ƙasar nan, akwai magina, akwai dawaki da linzami, akwai mutanen da ke girmama mamatansu bisa addininsu na wancan lokaci. Ba su bar mana rubutu ba. Yumɓun nan shi kaɗai ne takardarsu.

Daga nan labari ya sake. A 1993 an baje kolin kayan tarihin kwarin Kwara a Paris, har da na Bura. Duniya ta gani, masu kuɗi suka yi sha'awa, dillalai suka bazu ƙauyuka. Talaka da fari ya ci gonarsa ya ɗauki diga ya shiga tonon kaburbura, ya sayar a kuɗin da bai taka kara ya karya ba, abin ya ƙetare teku ya yi tsada. Ɓarnar ta kai har a shekarar 2000 ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa kayan Bura cikin jerin kayan Afirka da ke cikin haɗarin sata. A 2006 Nijar ta gabatar da wurin ga UNESCO. Amma tulun da aka tumɓuke ba a rubuta inda yake ba, ko zurfinsa, ko abin da ke gefensa, ya zama kurma. Ba shi da sauran abin da zai faɗa wa masani.

Mun san wani zai ce ai gumaka ne, ina ruwan musulmi da su? Babu wanda ya ce a bauta musu. Adana shaida daban, bauta daban. Kuma ko na wane addini ne, kabari dai kabari ne, bai kamata ya koma kayan kasuwa ba.

Mu ma nan kudu muna da namu. Ga Birnin Lalle wajen Dakoro, inda Gobirawa suka yi zama. Ga Kufan Kanawa a ƙasar Damagaram. Ga Lugu ta Sarauniya, wadda ta tsaya wa Turawan Faransa a 1899. Kusan kowane gari da kufansa, kuma tsofaffin da suka san labarinsa suna tafiya ɗaya bayan ɗaya.

Don haka a kakar bana, in hauya ta tono maka wani abu, kar ka fasa, kar ka sayar. Bar shi inda yake, ɗauki hoto da salula, ka sanar da maigari ko magajin gari. Dokar ƙasa ta 1997 ta kare irin waɗannan kaya. Matasa kuma a zauna da tsofaffi a naɗi muryarsu tun suna nan.

Ku faɗa mana, wane kufai ne kusa da garinku, su wa suka zauna shi? Allah ya sa albarka a abin da muka girbe.