Hankalin Mai Riƙe da Bindiga Amanar Jama'a Ne

Malaman usulu sun ƙididdige abubuwa biyar da shari'a ta zo domin kiyayewa, wato addini da rai da hankali da zuri'a da dukiya. Kuma wanda ya yi tadabburi zai gane cewa idan hankalin wanda aka damƙa wa bindiga ya raunana, to, rayukan jama'a da dukiyoyinsu ba su tsira ba. Saboda haka lafiyar ƙwaƙwalwar ɗan sandan da ke sintiri a Nima da Mamobi da Zongo Lane a ƙasar Gana mas'ala ce da ta shafi mutanen zango kafin kowa.

Ba mu manta da samari bakwai na Asawase da 'yan sanda suka harbe a Manso Nkwanta a 2018 ba, waɗanda kwamitin bincike bai sami hujjar cewa 'yan fashi ne ba, kuma hukunta azzalumi wajibi ne da babu rangwame a cikinsa. Amma adalci ya hukunta mu dubi kurtun da ya kwana tsaye a shingen hanya, ya ɗauki gawa daga hatsarin mota da asuba, ya koma ɗan ɗakinsa na bariki barci ya ƙaurace masa, alhali yana tsoron buɗe baki kada a ce ya taɓu, a karɓe bindigarsa, ƙarin girma ya wuce shi.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Gana ta 2012 ta kafa hukuma, ta kuma tanadi asusu, sai dai asusun ya daɗe ba shi da tsayayyar hanyar samun kuɗi. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnati kuwa, wato na Accra da Pantang da Ankaful, duka a kudu suke. A 2023 majalisa ta cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka, wanda ya nuna cewa ƙasa ta amince irin wannan mutum majinyaci ne mai buƙatar magani.

Abin da ya rage shi ne a ware wa lafiyar ƙwaƙwalwa kaso tabbatacce a kasafin 'yan sanda, wanda sauyin shugabanni ba zai taɓa ba, a horar da amintattu daga cikinsu a kowane ofishi domin su saurari 'yan uwansu bisa sirri, su miƙa wanda abin ya tsananta gare shi ga likita. Gama mutum ya fi sakin jiki da wanda ya ɗanɗana abin da ya ɗanɗana. Wanda ya ce motoci da harsasai sun fi cancantar kuɗin, sai ya tuna cewa amfaninsu da cutarwarsu duka suna hannun mai sarrafa su.

Limamanmu da sarakunan zango, waɗanda hukuma ke jin maganarsu, ya kamata su sa wannan buƙata cikin abin da suke nema, su kuma karantar da cewa neman magani ba ya kore tawakkali.