Bakalori: An Gina Dam, Wa Zai Riƙe Shi?



Duk wanda ya tashi a Talata Mafara, Bakura ko Maradun ya san sunan Bakalori tun kafin ya iya haɗa baƙi. Daga can shinkafar tuwonmu take fitowa, daga can ake lodin albasa da tumatir da rani. Sai dai kaɗan ne daga cikin sa'o'ina suka san yadda aikin ya faro da abin da ya ci. An shirya shi ne don ya shayar da hekta 30,000, aka kammala 23,000, amma bayan shekara ashirin abin da ake nomawa bai wuce hekta 7,500 ba. Yau ina so mu bi sawun wannan tarihi mu ga inda gizo ya yi saƙa, domin ba a Bakalori kaɗai irin wannan ke faruwa ba.

Matsalar da aka zo warwarewa

Kafin a yi dam, Gulbin Sakkwato shi ke tsara wa manomi shekararsa. Da damina ya cika ya tumbatsa, ya malale fadamu, ya bar musu laka mai albarka. A nan ake shuka shinkafa da dawa. In ruwa ya janye, sai a koma lambu, ana ɗibar ruwa da jigo ko daga 'yan rijiyoyi marasa zurfi. Masunta kuma su samu nasu rabon a tafkunan da ambaliya ta bari. Tsari ne da ya daɗe yana ciyar da jama'a, amma yana da rauni: ruwa ya yi yawa wata uku, sauran watanni gulbi ya zama rairayi. Shekarar da damina ta gaza kuwa, sai yunwa.

A 1969 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da rahoto kan kwarin Sakkwato da Rima. Shawararta ita ce a gina madatsa madaidaiciya a Bakalori, a fara ban ruwa a ƙaramin fili, a riƙa faɗaɗawa sannu a hankali. Dalilinta a fili yake: yankin bai saba da babban aikin ban ruwa ba, saboda haka a bar manomi da ma'aikaci su koya tare, kada a rusa tsarin gonakin da aka tarar.

Ba a bi wannan shawara ba. Fari ya afka wa Arewa a farkon shekarun 1970, kuɗin man fetur kuma ya fara kwarara a zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon. Ga tsoron yunwa, ga aljihu cike. A 1972 aka ba kamfanin Impresit Bakolori aikin, kamfanin da gwamnatin Najeriya ta haɗa hannu a cikinsa da wani reshe na kamfanin Fiat na ƙasar Italiya. Kafin a gama nazari, ƙaramin aiki ya rikiɗe ya zama katafaren dam guda da babban filin noma na injuna. Aka damƙa kula da shi ga Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, wadda aka kafa a 1973.

Ta fuskar gini, an yi bajinta. An fara a 1974, an gama a 1978. Tsawon bangon dam ɗin kilomita 5.5 ne, tsakiyarsa kankare mai tsayin mita 48, tafkinsa na ɗaukar ruwa kubik mita miliyan 450, kuma sai da ya shekara uku kafin ya cika. An sa masa injin lantarki mai ƙarfin megawat 3. Magudanan ruwa da bututu kuwa sai 1983 aka kammala su.

Waɗanda ba a tambaya ba

Abu guda aka tsallake a duk wannan shiri, wato mai gona. Tafkin ya haɗiye gidaje da gonakin mutane kimanin 13,000 a yankin Maradun, aka mayar da su sabon matsuguni a kan tudun da bai kai fadamarsu albarka ba. A filin ban ruwa kuma, wajen Mafara da Bakura, aka karɓi gonaki don a baje su da katafila. Aka sare itatuwa, iyakokin gado suka ɓace, wasu manoma suka yi damina fiye da ɗaya ba su shuka komai ba. Da aka zo sake rabo, wani ya samu filin da ba nasa ba, wani ya samu wanda bai kai nasa ba. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ƙara dagula lissafi, domin ta mayar da ƙasa hannun gwamna, diyya kuma ta koma kan abin da ke bisa ƙasar kawai, kamar gini da itace da amfanin gona.

Manoma suka kai kuka, suka jira, suka gaji. Daga nan suka fara tare hanyoyin aikin suna hana motocin kamfani wucewa. A ƙarshen watan Afrilun 1980, lokacin Alhaji Shehu Shagari na shugaban ƙasa, Alhaji Shehu Kangiwa na gwamnan jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka shiga Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye suka buɗe wuta. Gwamnati ta ce mutum ashirin da 'yan kai ne suka mutu. Waɗanda suka bi diddigi daga baya sun ce adadin ya haura 380. Allah ya jiƙansu da rahama.

Mutanen da ke ƙasan dam ma ba su tsira ba. Da aka tare gulbi, ambaliyar da ke shayar da fadamunsu ta ragu. Wani masani ɗan Ingila, William Adams, ya yi bincike a ƙauyukan a farkon shekarun 1980, ya tarar noman shinkafa ya ja baya, mutane sun koma gero da dawa, lambun rani ya ragu, kamun kifi ya faɗi. An gyara wa wasu, an ɓata wa wasu, kuma ba a sa asarar a cikin lissafin aikin ba tun farko.

Injin da ya fi ƙarfin mai shi

Yanzu mu dawo kan hekta 23,000 ɗin nan. Kashi biyu aka yi musu. Hekta 8,000 ruwa ne ke gangaro musu da kansa ta magudanai, manomi ya buɗe ya shayar ya toshe. Sauran hekta 15,000 kuwa da na'urar feshi ake shayar da su, wadda ke watsa ruwa sama ya sauko kamar yayyafi. A takarda wannan ya fi tattalin ruwa. Amma kafin ɗigo guda ya faɗo kan shuka, sai famfo ya tashi, famfo sai da lantarki, lantarki sai injin dam ko janareta mai shan gas, kuma in ƙarfe ɗaya ya karye sai an yi odarsa daga Turai. Sarƙa ce mai tsawo, ko'ina ta tsinke gona ta bushe.

Ba a daɗe ba ta fara tsinkewa. Farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya a farkon shekarun 1980. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu, darajar naira ta zube, kayan gyaran waje suka yi tsadar da ba a iya saye. A 1987 aka rage wa hukumomin raya koguna aiki, aka cire hannunsu daga noma kai tsaye. Kafin shekarar 2003 na'urorin feshi sun tsaya cak. Ɓangaren da ya rage yana numfashi shi ne na ruwa mai gangarowa, wanda manomi da fartanya da shebur zai iya lallaɓawa.

Shi ma ɗin bai tsira gaba ɗaya ba. Magudanar ruwa kamar hanyar gari ce, kullum tana son hannu. Yashi na taruwa, ciyawa da kachala na toshewa, ƙofofin ƙarfe na tsatsa. In ba a yashe ba, na kusa da bakin ruwa ya sha ya ƙoshi, na can ƙarshe ya yi ta jira. Manomi na ganin aikin hukuma ne, tunda ita ta gina ba tare da ta tambaye shi ba. Hukuma na jiran kuɗi daga Legas, daga baya Abuja. Wanda ruwa bai kai gonarsa ba ya ƙi biyan kuɗin ruwa, rashin kuɗin ya hana gyara, rashin gyara ya ƙara hana ruwa zuwa. Haka aka yi ta zagaye, har jihar Zamfara ta fita daga Sakkwato a 1996 ta tarar da aikin a wannan hali.

Gyara na biyu

A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 495 don shirin TRIMING na farfaɗo da noman rani a Arewa. Bakalori na cikin wuraren da aka zaɓa, tare da Goronyo, Kadawa a Kano, kwarin Haɗeja da Dadin Kowa. Abubuwa biyu a shirin sun nuna an koyi darasi. Na farko, maimakon a sake sayo na'urar feshi, an zaɓi a mayar da wani ɓangare na filinta zuwa ruwa mai gangarowa. Wato bayan shekara arba'in da biyar an dawo kusa da shawarar 1969. Na biyu, an kafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, domin manoman da ke shan magudana ɗaya su zaɓi shugabanninsu, su tara kuɗin ruwa, su tsara kwanan kowa, su yashe ƙananan magudanai da kansu, hukuma kuma ta riƙe dam da manyan hanyoyin ruwa.

Wannan tunani yana da tushe. Elinor Ostrom, 'yar Amurka da ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta yi nazari tare da abokan aikinta kan ban ruwa a ƙasar Nepal. Sun gano cewa sau da yawa magudanan ƙasa da manoma ke gudanarwa da kansu sun fi na siminti da gwamnati ke gudanarwa kai ruwa ga na ƙarshen layi. Sirrin shi ne su suka kafa dokar, suna ganin mai karya ta, kuma kowa ya san in bai fito yasa ba gonarsa ce za ta bushe.

Amma kada mu yi saurin guɗa. Sabuwar magudana ba ta nuna nasara, domin a 1983 ma sababbi ne. Za a gane gaskiya ne shekara biyar ko goma bayan ɗan kwangila ya kwashe kayansa. Shin kuɗin da manoma ke tarawa yana zama inda za su gan shi? Shin in mai hali ya fasa magudana da dare ana iya hukunta shi kamar talaka? Shin na ƙarshen layi yana da murya a taro? Ga kuma sabon nauyi da magabata ba su sani ba: matsalar tsaro da ta sa manomi a Maradun da Bakura ke tunani sau biyu kafin ya doshi gona mai nisa.

Abin da na ɗauka daga wannan tarihi shi ne, gyara yana ɗorewa ne gwargwadon ƙarfin wanda zai riƙe shi kullum. Kafin a kawo sabon tsari, a gona ne ko a asibiti ko a shago, a fara tambayar mai aikin inda ke masa ciwo. A gwada a ƙaramin wuri. A zaɓi abin da za a iya gyarawa da kayan da ke kasuwar garin. A san sunan wanda zai share, da aljihun da kuɗin sharar zai fito. Rijiyoyin burtsatse nawa ne a unguwanninmu aka buɗe da kiɗa da jawabi, yau awaki ke kwana a gindinsu saboda wata 'yar roba da ta tsage?

A ƙarshe, 'yan uwa, akwai aiki a gabanmu. Yawancin abin da aka rubuta kan Bakalori da Turanci yake, yana ajiye a ɗakunan karatu na jami'o'i. Waɗanda aka tasa daga tsohon matsuguninsu suna samari, da waɗanda suka ga abin da ya faru a 1980 da idonsu, yau sun haura sittin, kuma kullum raguwa suke. Wanda ke da kaka ko kawu a cikinsu, ya ɗauki waya da littafi ya je ya gaishe shi, ya nemi izini, ya saurara. Ya tambayi sunan gonar, da itacen da ke cikinta, da abin da aka biya shi. Daga irin wannan hira ake samun labarin da ba wanda zai rubuta mana shi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.