Jiragen da matuƙansu ke tsaye a ƙasa

Ranar 1 ga Nuwamba 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Daga Helwan ta ƙasar Masar suka taso, Arthur Coningham ne jagoransu, kuma kafin su ba a taɓa ganin jirgi ya sauka a birnin ba. Masu farfela ne, kowanne da matuƙi zaune a ciki. Da a ranar wani ya ce wa jama'ar da suka yi cincirindo watarana za a tashi irin wannan ayari ba kowa a ciki, matuƙan suna tsaye a ƙasa da ɗan akwati a hannu, da an ce ya zautu.

Shekara 12 kacal aka ƙara. A 1937 wasu tagwaye ƴan Michigan ta Amurka, Walter da William Good, suka tashi jirgin da suka haɗa da hannunsu, suna juya shi ta rediyo. Ɗaya gwanin ƙera jirgi ne, ɗayan gwanin rediyo. Jirgin nasu, Guff, yana gidan tarihi na Smithsonian har yau. A tsakanin nan ne kuma Reginald Denny, ɗan fim da ke da shagon sayar da jiragen wasa a Hollywood, ya fara ƙera wa sojoji ƙananan jirage marasa matuƙi don koyon harbi. Kafin a gama Yaƙin Duniya na Biyu kamfaninsa ya ƙera kusan 15,000 na irin waɗannan jiragen. Duk mai ganin abin nan wasan yara ne, ya tuna cewa jirgi marar matuƙi da ake ta maganarsa yau yana da jijiya a shagon kayan wasa.

Inda aka sha wuya shi ne injin jet. Aikinsa a baki mai sauƙi ne: ya zuƙi iska, ya matse ta, ya ƙona ta da mai, ya feso ta baya da ƙarfi. Amma in aka ƙanƙantar da shi, dole sandar cikinsa ta riƙa juyi fiye da sau 100,000 a minti ɗaya kafin ya yi abin kirki, hucin da ke fita kuwa ya kai maki 600 zuwa 700 na zafi. An daɗe ana ganin sai babbar masana'anta. A Ingila wasu ƴan ƙungiya ƙarƙashin Jerry Jackman sun tashi ɗaya a 1983, amma wanda ya buɗe wa kowa ƙofa Bajamushe ne, Kurt Schreckling. A ƙarshen shekarun 1980 ya ƙera nasa da kayan aikin gida. Fankar da ke matse iskar ma da falankin katako ya yi ta, ya ɗaure ta da zaren kabon don kada ta tarwatse. Bai ɓoye sirrin ba. Ya rubuta littafi ya baza zanen, masu sha'awa suka yi ta kwaikwayo. Daga baya aka koma amfani da fankar turbo ta mota, irin wadda kowane bakanike a Maraɗi ya sha kwancewa. A 1995 aka yi gasar duniya ta farko ta waɗannan jiragen, Jet World Masters, a Jamus, a 2017 kuma Niels Herbrich ya kai gudun kilomita 749 a awa da nasa.

Wanda ya tsaya kusa ana tada injin zai fara jin ƙaramin fito, sai warin kananzir, sai ƙarar ta yi ta hawa har ta toshe kunne. Ana gauraya man da ɗan man inji, kuma tanki ɗaya bai cika wuce minti goma a sama ba. A ƴan mintocin nan ake tufka da juyi da ƙundumbala, a yi rigingine, a feso hayaƙi mai launi.

Gwaninta ta gaske dai tana tashin jere. Matuƙan ayarin nuna gwaninta irin Patrouille de France ko Red Arrows na Ingila suna cikin jiragensu, kowa na ganin fiffiken ɗan'uwansa ta taga. Mai rimot ba shi da wannan gata. Daga nesa yake hange, kuma ido ba ya iya raba jirage biyu da ke tafiya ɗaya bayan ɗaya: za a ga kamar sun manne alhali akwai rata, ko a ga rata alhali saura ƙiris su gwabza. Shi ya sa matuƙan ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa, mutum ɗaya na ba da umarni da baki, sauran na bi a numfashi ɗaya. Wanda ya ga mahaya suna jafi a hawan salla, dawaki sun taho a guje gwiwa da gwiwa su ja linzami lokaci guda, ya san irin yardar da ake bukata. Na'ura ma ta taimaka. A da, mutum biyu ba sa tashi a zangon rediyo ɗaya, in ba haka ba wani ya kayar da jirgin wani. Da rimot mai aiki a 2.4 GHz ya bazu daga wajen 2005, sai ya zama jirage da yawa na iya tashi tare ba tare da saƙo ya sarƙe ba.

Ƙasar Hausa ba ta tsaya kallo kawai ba. A 2007 Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin kimiyya a Jami'ar Bayero, ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da injin Honda Civic da tarkacen ƙarafa, ya ɗaga kusan mita biyu. A Kaduna sojan saman Najeriya suka ƙaddamar da Gulma a Disamba 2013, sannan Tsaigumi a Fabrairu 2018, duka marasa matuƙi.

Abin da ke ci mini rai yana can ƙauye. A Gidan Amumune, da sauran garuruwan Mayahi da Tasawa, da an gama girbin gero yara kan feƙe kara, su ciro ɓargonsa mai laushi, su soke shi da tsinke, su yi mota da jirgi, tayoyin da tsohon silifa. Yaron da ya lura cewa jirginsa na nitsa da ka sai ya ƙara masa nauyi a wutsiya ya riga ya taɓa darasin farko da tagwayen Michigan suka koya. Ba wanda zai ce a kai masa jet: kuɗinsa ya fi na babur nesa, ƙurar hunturu kuma ba ta yi wa injin da ke juyi haka daɗi. Amma akwai jirgin soso mai ƙaramin injin lantarki, batirinsa na cajuwa da farantin sola, in ya faɗi a liƙe shi da gam a sake tashi. Da irinsa masu jet na yau suke fara koyo. Fili kuwa ga shi nan shimfiɗe tun daga kaka har faɗuwar ruwa. Malamin kimiyya ɗaya da rimot biyu, da izinin hukuma tunda lamarin tsaro ya sa ana sa ido kan duk abin da ke tashi sama, sun isa a kafa ƙungiyar farko a makarantar sakandaren Mayahi.